Zobon da madara ta wanke

Jiya ina cikin tsiyaya zobo a kan madara, sai Adda Ummi, mai kawo mana madarar shanu a nan Turaki, ta riƙe min hannu.

"Ƙanwata, me madarar ta yi miki? Tsinkewa fa za ta yi."

Na ce ai tsinkewar nake so. Tsamin zobo ke sa ta guda-guda, gudajin su kwashe dattin da baurin. In an tace a farin ƙyalle, ruwan ya sauko garau. Shi zan ba baƙi a sunan 'yar yayata.

Ta zauna har ya gama ɗiga. Ta ɗaga kofin, ta hango ƙofar gida ta cikinsa, ta kurɓa, ta gyaɗa kai. Da na ɗauki ƙyallen zan zubar da gudajin, sai ta karɓe.

"Mu in muna cuku, ruwan muke zubarwa. Ke kuma cukun. Ashe da ni da ke, kowa rabin madara ya sani."

Ta ƙulle abinta a leda, wai ba a zubar da nono a gabanta.

Ku fa, wane rabin ake zubarwa a gidanku?