Dafaffen Iri

A aji biyar na bar boko, a Daudawa. Malaminmu ya taɓa rubuta wata tsohuwar kalmar Turanci a allo, ya ce su kansu Turawan sun daina faɗinta. Ma'anarta, in ji shi, mutum ya cuce ka ba don ya samu komai ba, sai don ya ga ka wahala. Kalmar ta ɓace mini tuni. Ma'anar kuwa, ɗan baffana ne ya karantar da ni ita a gona.

A wajenmu ba a hana iri, ko da ba kwa gaisawa da mutum. Shekarar da ƙwari suka cinye mini irin masara, na je gidansa da saukar ruwan shuka.

"Haba ƙanena, har sai ka roƙa?" Ya auno mini tiya uku, fara tas.

Muka shuka ni da matata. Kwana bakwai gonar kowa ta yi kore, tawa jar ƙasa. Na tona, na tarar ƙwayar ta ruɓe. Kafin in samo wani iri, ruwa ya ɗauke, wadda na sake shukawa ko goyo ba ta yi ba. Da rama da tafasa 'ya'yana suka ga ƙarshen shekarar nan.

Matarsa ce ta fasa wa matata ƙwan a gidan suna. Ita ya sa ta tafasa ruwa, ya juye masarar ciki, ya shanya ta a bayan ɗaki, ya ajiye yana jirana.

Na tare shi a kasuwar Yankara. "Yaya, me na yi maka?"

"Bara kowa masararka yake yabo," ya ce, yana ɓare goro. "Sai ka ce kai kaɗai ka iya noma."

Shi ke nan fa laifin! Ba gado, ba iyakar gona. Mutum ya ƙona itacensa, ya ɓata hatsinsa, don yarana su kwana da yunwa.

Bana nasa irin ya lalace, ya zo ƙofata yana sunkuyar da kai. Na shiga na zaɓo masa wanda na ware wa kaina. Allah ne shaida, ko ruwan sanyi bai taɓa shi ba.

Bayan kwana uku na bi ta ƙofar gidansa, na ga kaji suna tsattsagar masarata. Ya je kasuwa ya sayo wani.

Wato ya ɗauka halinmu ɗaya. Wallahi wannan ta fi ta farkon ƙona mini rai.