Fentin Mai Ba Ya Bushewa a Kwana Ɗaya

Shekarar da Inna ta rasu a Maraɗi ban yi kuka ba. Ina ƙasar Turawa, takarduna ba su isa in je in dawo ba, sai na zauna. Da safe in tafi jera kwalaye a wani sito da ke Wendover, da yamma in dawo in ci abinci ban san ɗanɗanonsa ba. Bayan sadakar arba'in wata Hajiya 'yar garinmu ta taho min da rabona daga kayan Inna: mayafi guda, ruwan toka, da ƙamshin turarenta a jiki. Na ce an gode, na yafa, shi ke nan.

Hajiyar ce ta tasa ni gaba zuwa wani ɗakin koyon zane a East Greensboro, inda ake koyar da baƙi ranar Asabar. "Ki fita ki ga mutane, 'yar nan," in ji ta, "kin zama kamar bango."

Malamar Baturiya ce. Ta daɗe a hamadar Ostireliya tana koya wa 'yan asalin ƙasar yadda ake ɗaure yadi a kan katako, a shafe shi da fari, a haɗa kala. Ta ce tsofaffin can ba ruwansu da tebur, a ƙasa suke zama, kuma abin da iyaye suka bar musu suke zanawa. Ni ma na sauko ƙasa.

Inna mai zanen ƙwarya ce. Tana da wani zane nata ita kaɗai, layuka masu shiga juna suna zagaye bakin ƙwarya. Ƙwaryoyin an sayar, sauran sun fashe, 'yan'uwana kuwa ba wadda ta koya. Ni kaɗai na zauna gefenta ina kallo, yanzu kuma kullum zanen ƙara kufce min yake. Asabar huɗu ina ɓata yadi. A ta biyar hannuna ya tuna da kansa, tun daga layin farko har na ƙarshe. Ko murna ban ji ba, na dai san shi ne.

Malama ta faɗa, wallahi ta faɗa, cewa fentin mai yana kwanaki bai bushe ba. Kunnena ya ji, ni ban ji ba. A gidanmu ba a barin abu a buɗe. Tuwo, randa, sabuwar ƙwarya, komai sai an rufe, Inna ta sha make min hannu a kan haka. Da zan tafi na cire mayafin na lulluɓe zanen, har da bin sa da tafin hannu don ya kwanta sosai.

Da Asabar ta zagayo na tarar da Malama tsaye a kansa. Mu biyu muka ɗaga mayafin a hankali. Fentin ya biyo shi, abin da ya rage a yadin duk ya damalmale.

Ta yi ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin, ta miƙo min sabon yadi. Na zauna a ƙasa riƙe da buroshi har aka tashi, hannuna bai motsa ba. Har yau bai tuna ba.

Mayafin yana cikin akwatina. Nakan fito da shi in shinshina, warin fenti yake yi.