Rufin da Ba Nawa Ba

Na gaji da sana'ar gidaje, amma ban iya wata ba. Shekara da shekaru ina sayen kango ko tsohon gida a Talata Mafara, wani lokaci a Bakura ko Maradun, in gyara in sayar. Masu ganina da babbar riga ranar Juma'a suna zaton kwasar kuɗi nake yi. Ba sa nan ranar da nake tsaye cikin rana ina cacar baki da magini a kan buhun siminti, ko ranar da kafinta ya karɓi aiki ya kashe waya. Gwiwoyina ne kaɗai suka san abin da ake ciki.

Samari masu ɗan jari sukan same ni a ƙofar gida su ce in ba su shawara. Nakan ba su, duk da na san ba ji za su yi ba. Nakan ce kada su sayi gida da rani, su bari sai ruwa ya zauna su je su ga inda yake bi, balle wajen Bakura inda ƙasa ke riƙe danshi har fenti ya riƙa ɓarewa daga bango. Kada su taɓa gidan gado sai sun ga kowane magaji ido da ido, har matan da ke aure a wani gari. Su gaida mai unguwa kafin su gaida dillali. Su gyara bayi da rijiya kafin su yi zancen ado, don can matar mai saye za ta fara leƙawa. Daga ƙarshe sai in ce kada su sa kowa a kangonsu, ko don gadi, ko don neman lada. Wannan ta ƙarshen ita suke yi wa dariya, wai Alhaji ya cika taurin zuciya. Ni kuwa ba taurin zuciya ba ne, gani na yi.

A shekarar da ƙauyukan Maradun suka yi ta watsewa saboda ɓarayin daji, ina da wani kango a bayan gari nan Mafara. Ɗaki uku da zaure, gini ya kai linta, ba rufi ba ƙofa. Na ajiye shi ne sai na sayar da wani gida in samu abin ƙarasa shi. Wata safiya limamin masallacin unguwarmu ya zo mini da wani dattijo, manomi daga Gidan Goga. Ya baro gida da matarsa da matar ɗansa da jikoki, suna kwana a rumfar kasuwa. Bayan mun gaisa, mun tambayi gajiya da iyali da ya muka ji da wannan hali, liman ya roƙe ni in bar su su zauna a kangon. Ni kuma na ji daɗi da ina da hanzari. Na ce ai ba rufi, ga damina na matsowa.

Dattijon ya ce, "Alhaji, kak ka damu da kwano. Na taho da nau."

Ashe kafin su fito sai da ya hau kan ɗakunansa ya ɓamɓare kwanon rufin, ya ɗaure shi a saman motar da ta kwaso su. Shanunsa sun tafi, hatsin rumbu ya tafi, kwanon nan ne kaɗai ya tsira da shi. Ya ce wata shekara da gero ya yi kyau ya saye shi, shi ne kwano na farko a duk zuriyarsu. Hanzarina ya ƙare. Na ce masa, "Baba, ni fa gidan nan na sayarwa ne. Duk ranar da mai saye ya zo, tashi za ku yi."

Ya ce, "Mu ma ba zama munka zo yi ba. Da an samu lahiya muna komawa."

Ya nemo itatuwa ya rufe ɗaki biyu da hannunsa, ya toshe tsoffin hujojin ƙusa da kwalta. Tsohuwar ta yi daɓe, ta shuka kuɓewa da rama a gindin katanga. Ni kuma a hankali na rufe ɗaki na uku da zaure, na yi shafe, na sa ƙofofi, na haƙa rijiya. Gaskiya zamansu ya amfane ni, don ko bulo ɗaya ba a ƙara ɗauke mini ba. Duk zuwan da zan yi sai ya shimfiɗa mini tabarma ya ba ni labarin garinsu, wane ya leƙa gona ya dawo, wane bai dawo ba. Kullum ƙarshen zancen ɗaya ne, baɗi war haka suna gida. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, suna nan.

Sai ga mai saye. Malamin makaranta ne daga Maradun, shi ma iyalinsa yake son ya ɗauke daga can. Dillali ya zagaya da shi ba na nan, ya nuna masa gida rufaffe kaf, bai ce masa rufin ɗaki biyu na wani ne ba. Dillali in ya hango la'ada, ko rijiyar maƙwabci sai ya haɗa a ciniki. Malamin ya ce yana so, amma a ba shi gida babu kowa kafin ruwa ya sauka. Ni kuma duk jarina yana cikin ginin nan, in ban sayar ba sana'a ta tsaya.

Na yi tunani na ga hanya mai sauƙi. Na je na sami dattijon na ce ya sayar mini da kwanon a kuɗin sabo, a bar shi inda yake, shi kuma ya kama hayar ɗaki cikin gari. A ganina kowa ya huta. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, in na saida kwanon ga, da mi zan rufe ɗakina in mun koma?"

Raina ya ɓaci. Na ce masa ginin ƙasa da ya sha damina biyu ba rufi, ai yanzu ya zube. Na ce ya duba jikokinsa, ya daina zancen garin da ko kwana ba a iya yi cikinsa. Ya ce bango zai sake ginawa, ƙasa ba ta ƙare ba, kwano ne ba zai iya sake saye ba. Na kawo liman, ya yi nasa, bai ji ba. Na ƙara kuɗi, ya yi mini godiya mai tsawo, ya ce a'a.

Ranar da za su tashi na same shi a saman gini da guduma. Mutum da furfura, yana zare ƙusa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙar da ita a kan bulo, ya jefa cikin gwangwanin madara. Tsohuwar tana ƙasa tana karɓar kwano tana jerawa. Na tsaya ina kallo, haushi da tausayi suka cika ni, na rasa wanne ya fi. Ga shi dole in sayi sabon kwano in sake biyan kafinta. Na samo musu kangon wani abokina a wata unguwa, wato dokar da nake kafa wa mutane ni na fara sa wani ya karya ta.

Shi ma wancan kangon bai shekara ba aka sayar, suka koma wani, can ma aka tashe su. Ni na san kwano. Duk cirewa sai ya ƙara huji, bakin hujin ya yage, gefe ya lanƙwashe. Nakan gamu da dattijon ranar Talata a kasuwa yana dakon kayan miya, mu gaisa. Na daina tambayarsa zancen komawa, shi ma ya rage yinsa.

Bara, gab da faɗuwar ruwa, ina zaune a ƙofar gida bayan La'asar sai ga amalanke ta tsaya, kwano a ɗaure a kai, shi yana biye. Ya rame. Muka gaisa kamar yadda muka saba, ba mu rage komai ba. Na ce, "Baba, wani kangon za a rufe?"

Ya ce, "A'a, Alhaji. Kai na kawo ma. Tsohuwa ta rasu, nan anka yi mata sutura. Ɗana ya biyo mu, ya kama ɗakin haya, ya ce su ba su komawa. Ni kaɗai, wa zan rufa ma ɗaki?"

Na yi masa ta'aziyya, na tashi na duba kayan. Ya zama kamar rariya, ko akurkin kaji ba zai rufe ba. Ni da na yi ta binsa ina roƙo ya sayar, ranar sai na ji ba abin da na ƙi kamar in saya. Na ce ya bari in ajiye masa a bayan gida, in an samu lafiya ya zo ya ɗauka.

Ya girgiza kai. "Ka saya, Alhaji, ko nawa na. Na gaji da ɗaukar shi."

Na saya. Aka sauke aka jingine a bayan gidana, har yau yana nan, ban sa shi a kan ginin kowa ba. Da zai tafi sai ya sa hannu a aljihu ya ciro gwangwanin madarar nan ya miƙo mini.

Ya ce, "Ga ƙusoshin, duk na miƙe su. Wannan gyara na."