Tarin Babana a Bakin Wani

Tare muka fara wasan kwaikwayo da shi tun muna lakwal, wato makarantar boko, a Madarumfa, kuma in za a faɗi gaskiya na fi shi murya, na fi shi tsayi, na fi shi saurin haddace magana. Ni ake ba sarki ko alƙali, shi kuwa dogari, ko wanda zai faɗi ƙasa a yi dariya. Abokina ne, gidanmu ne wurin cin tuwonsa. In mun dawo daga gwaji sai in shige ɗaki in tsaya gaban madubi, shi kuwa ya zauna a zaure yana taya Baba gyaran taru.

Baba masunci ne. In ya dawo daga tafki sai ya cire malafarsa, ya yi wani ɗan tari mai kama da tambaya, ya yi sallama, sannan ya ce da Inna, "Ke uwar yara, kihin nan yau ma sun hi ni wayo." Ko kwando ya ciko haka zai faɗa. Na saba da abin har na daina jinsa.

Abokina ya bi wata ƙungiyar wasa zuwa Maraɗi, daga can Yamai, sai ga shi a tele, wato talabijin, har 'yan fim na Kano suna aiko masa. Ni na tsaya ina ban ruwa a lambu. Da Baba ya rasu Inna ta rataye malafar a ɗakinta, ban taɓa tambaya ba, don na san tawa ce in lokaci ya yi.

Sai aka fara nuna wani wasa inda abokin nawa ya fito a matsayin tsohon masunci. Ya cire malafa, ya yi tarin nan, ya faɗi maganar nan. Kafin wata ya ƙare yara sun ɗauka a lungu, 'yan canji a Ɗan Issa suna yi wa juna, kowa na cewa kai, wannan mutum akwai basira. Basirar me? Tarin ubana ne! Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba don Baba ba ne, kishi ne tsagwaronsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna. Duk lokacin da jikokinta suka kunna mata wasan a waya, da ta ji tarin sai ta gyara lulluɓi, kamar yadda take yi in Baba ya shigo.

Na ce ai ni ne ɗan, kuma ni ne gwanin. Wata la'asar na dawo daga lambu, na tsaya a zaure na daidaita murya, na yi tarin. Inna ta leƙo ta ce, "Subhanallahi, mura ka kwaso? Bari a dahwa maka citta."

Da babbar Salla abokin nawa ya zo gaisuwa a mota, ya durƙusa gabanta. Ta ce, "Ɗana, yi mani irin na tele." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ina jin nauyi." Ta ce, "Ni na sa ka." Ya fita zaure. Na yi ta fatan ya kasa, Allah ya sani.

Muka ji tarin. Har ɗan jan ƙafar hagu da Baba ke yi a bakin ƙofa ya kawo, abin da ni na manta da shi sai da na gani. Ya faɗi maganar kifin. Inna ta amsa a hankali, "To shigo, Malam, ruwanka ya yi zahi." Ta share ido da gefen zane.

Can ta juyo wurina ta ce, "Tashi ka ɗauko mashi malahwar babanku." Na tashi. Ni na sauko da ita daga ƙusa, ni na kakkaɓe ta, ni na miƙa masa da hannu biyu.