Cinyar Kaza a Littafin Kwamanda

Ɗan marigayi Baba ya cuce ni, ya ƙaryata ubansa a gabana.

Turancina bai kai ba, shi ya sa a shagon abinci na mamak da ke unguwar Brickfields, inda muke cin abinci tare, Baba ke fassara mini littafin da wani madugun 'yan tawaye ya riƙa rubutawa kullum a daji. Yakan lashi yatsa ya buɗe shafi mai ƙanshin miyar kori: "Yau kwamanda ya ce ƙaramin soja ya miƙa wa babba cinyar kaza." Sai in miƙa masa tawa.

Jiya, shekara guda da rasuwarsa, yaron ya duba littafin ya ce babu kaza ko ɗaya, rogo suka ci.

Na ce, "Kai yaro, kazata ce, ban kawo ƙara ba. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ciyar da shi kajin Aljanna. Kai kuma je ka ci rogonka."