Wadirob ɗin Amarya a Karshi

A shekarun da gine-gine ke tsirowa a Abuja kamar ciyawar damina, ina ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikata, aure ya taso ni gaba. Hayar cikin gari ta fi ƙarfina, sai na gangara Karshi.

Dillalin da ya nuna mini gidan bai ɓoye komai ba. Ya ce, "Oga, gida yana da kyau, amma fa lo hedrum ne." Na san kalmar, ina ganinta a bakin garejin ƙarƙashin ƙasa, inda ake gargaɗin dogayen motoci. Hedrum shi ne ratar da ke tsakanin kanka da rufi, in an ce lo, to ratar kaɗan ce. Mai gidan ne ya yi ta ƙara daɓe saboda ruwan sama, har ƙasa ta kusa gaisawa da silin. Ni kuwa gajere ne, in na tsaya bayan kantar shago sai an leƙo ake ganina. Na ɗaga kai, na ce ai wannan fada ce.

Sam ban tuna da wadirob ba.

Ranar jere gwaggon amarya ta iso daga Zariya da mota shaƙe da kaya. Tun a waya ta rantse, in gidan bai ɗauki kayan 'yarsu ba za ta juya da su, biki ya jira sai na samo wani. Aka sauke wadirob, zanƙalele kamar hasumiya. A kwance ya shiga, da aka zo tayar da shi sai ya doki silin.

Gwaggo ta ce, "Ango, wannan ɗaki ne ko akurki?"

Na ce, "Ɗaki ne, Gwaggo, tawali'u ne ya yi masa yawa."

Ba ta ko murmusa ba. Gumin da na yi a lokacin ya isa wanki. Ta zagaya wadirob, ta duƙa, ta ce a kwance masa ƙafafu. Abokaina suka kwance, aka sake tayarwa. Ya goge fentin silin, ya tsaya cak, ko reza ba za ta ratsa samansa ba.

Wata daga cikin 'yan jere ta ce, "To akwatunan lefe fa? Ba a sama ake jera su ba?"

Na saci kallon Gwaggo.

Gwaggo ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce, "A jera su bayan ƙofa. Gara ma haka, 'yar nan tawa tunda aka haife ta ba ta taɓa share saman komai ba. Ku shigo da gado."

Na fita waje na zube kan bulo, ina ta kwankwaɗar ruwan leda kamar wanda ya dawo daga noma.