Modu na Bayan Katanga

Babanmu mai tsire ne a bakin Kasuwar Shanu, kuma duk takardar da ta shigo hannunsa ta naɗe nama ce. Wata shekara ya sayo buhun tsofaffin littattafan zane na Turawa, irin masu jarumai suna tashi sama, ya yayyage su ya jibge gefen tukuba. Yayana Modu ne ya riƙa tsince su. Yana da sikila, ba ya ƙwallo, ba ya tsere, don haka ya samu abin yi: ya goge maiƙo, ya jera shafukan, ya ɗinke su da zaren Inna. Matsalar ita ce ba daga littafi ɗaya suka fito ba. A wannan shafi ƙato ya ɗaga mota, a na gaba wata mata ce tana fitar da walƙiya daga tafin hannu, babu abin da ya haɗa su sai warin ƙuli-ƙuli.

Bayan magariba mukan kewaye murhun Kaka Yagana a gidanmu na Dogo Tebo. Mutuniyar Borno ce, ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, wani lokaci ma a kife take riƙe shafin. Amma ba ta taɓa yarda an fi ta sanin abin da ke ciki ba.

"Wannan ƙato da mayafi kamar mai zuwa biki, uwarsa ba ta gan shi ba ne ya fito?"

"Kaka, labarin ba ya haɗuwa," in ji Modu.

"Yaya zai haɗu? Ai ba 'yan duniya ɗaya ba ne. Ku matso, wuta ta kama, bakina ma ya kama."

A faɗarta, duniyoyi a jere suke kamar gidajen layinmu, katanga ce kawai tsakani, kuma kowane mutum yana da irinsa a kowace duniya. A jikin katangar akwai 'yar kafa, irin wadda ke tsakaninmu da maƙwabta, inda mata ke miƙa wa juna garwashi a murfin gwangwani idan wuta ta mutu. Sai wani Baƙin Sanyi ya taso yana bi duniya-duniya yana kashe rana da taurari da murhu. Jaruman kowace duniya suka gwada shi su kaɗai, ya ci su. Dole suka haɗu: Mai Mayafi, da Uwar Tsawa, da ƙanenta Ɗan Autan Hadari. Dabararsu ba ta wuce ta matan layinmu ba. Duk duniyar da ya kashe wa wuta, maƙwabciyarta ta miƙo mata garwashi ta kafa.

Mun yi damina da rani muna wannan yaƙi. Duk shafin da Modu ya kawo, Kaka ta samar masa gurbi. Idan ciwon ƙashinsa ya tashi yana juyi a tabarma, labarin yakan yi tsawo, har sai ya manta ya fara gardama. In ta gaji ta tura toka kan garwashi ta ce, "Na rufe, gobe ma hura."

Ciwon da ya tafi da shi bai fi sauran tsanani a idona ba. An kai shi asibiti da safe, aka dawo da shi a rufe. Ina 'yar aji uku, kuma na san abin da zan yi. Bayan an watse daga zaman makoki na ɗauko littafinsa na ajiye a cinyar Kaka.

"Kin ce akwai irin kowa a can. A je a ɗauko Ya Modu na bayan katanga."

Inna ta tashi ta shige ɗaki. Kaka ta daɗe tana jujjuya itace a wuta. Ba ta ce mini ƙarya ce ba, ba ta kuma yi mini wa'azi ba. Ta ɗora labarin daga inda ya tsaya.

A gumurzun ƙarshe, in ji ta, an kori Baƙin Sanyi, amma Ɗan Autan Hadari ya faɗi. Uwar Tsawa ta je jikin katanga ta leƙa ta kafa, sai ga shi can da ransa, yana cin tuwo. Da ƙarfinta, naushi ɗaya zai rushe katangar. Ta ɗaga hannu ke nan sai ta ga wadda ke zuba masa miya. Ita ce, da fuskarta da tabon goshinta, tana yi masa faɗa ya ci a hankali.

"Falmata, in ta ɗauke shi, wa zai yi kukan?"

"Waccan," na ce.

"To, me za ta yi? Ke za ki ƙarasa yau, bakina ya mutu."

Na yi kuka sosai, na ji haushin Kaka, na ji haushin waccan yarinyar da ban taɓa gani ba. Daga ƙarshe na ce ta bar mata shi. Kaka ta rufe wutar, ba ta ce gobe ma hura ba, kuma ba ta sake taɓa wannan labari ba har ta rasu.

Yanzu 'ya'yana suna kallon irin waɗannan jarumai a waya, kuma ashe da gaske masu zanen sukan haɗa su daga duniyoyi daban-daban. Sai na yi dariya, tsohuwa ta riga su da shafi a kife. Na girma, na san Modu yana inda Allah Ya kai shi, can nake aika masa addu'a. Sai da na haifi nawa na tuna abin da ban lura da shi ba a lokacin: Kaka ma jikanta ta rasa, kuma ta binne 'ya'yanta biyu kafin a haife ni. Ta daɗe da sanin wannan kafa, ta san yadda ake leƙawa a sauke hannu.

Har yau idan kewarsa ta taso nakan tuna waccan Falmatar. Modunta ya yi furfura yanzu, wataƙila har da jikoki, kuma ba ta san ni na bar mata shi ba.